Wane Ruwa Aka Ɗauke?

Har gobe ba na mance wata Juma'a ta tsakiyar damina, farkon zamana shugabar sashen sarrafa ruwa a kamfaninmu na ruwan leda da ke Malumfashi. Ku 'yan baya kun taras ana ce mini Manaja, amma da jera ledoji a jaka na fara, karatuna kuwa na yaƙi da jahilci ne, da goyo na yi shi. A hankali Allah ya kawo ni wurin.

Bari in bayyana yadda aikin yake. Ruwanmu daga rijiyar burtsatse yake zuwa, can bakin fadama. Famfo ya turo shi babban tanki, ya bi ta na'urorin tacewa, sannan inji ya ɗura shi a leda ya liƙe. Dokar farko da ake koya wa mai riƙe da sashen ita ce, da zarar ruwan rijiya ya tsaya, a kashe komai tukuna, sannan a bincika. In ba haka ba inji zai zuƙo laka daga gindin tanki, ko ya yi ta jan iska har ya ƙone.

A ranar, mai kamfani, Alhaji Lawal, ya yi wa amininsa na Gozaki alkawarin mota guda ta ruwa, za a ɗaura auren ɗansa bayan sallar Juma'a. Ya ce mini, "Hajiya Binta, mutuncina na hannunki." Tun safe kuwa ake tsuga ruwan sama, direbanmu Sabi'u ya ce ba ya lodi sai an tsagaita.

Muna ɗakin inji, mun yi rabin aiki. Ɗakin ba taga, ga ƙarar janareta, ba ka sanin abin da duniya ke ciki. Sai ga Baba Tanko mai gadi a bakin ƙofa, don ba a shigo mana da takalmin waje. Ya ɗaga murya: "Hajiya, an ɗauke ruwa!"

Na ce, "Tun yaushe, Baba?"

"Yanzun nan. Ɗif, ko ɗigo babu."

Abin da ya ɗaure mini kai, fara'a yake yi. Na ce a raina, dattijon nan dai tawakkalinsa ya yi yawa. Nan take na sa aka kashe injina, na kira makanikenmu Emeka, haifaffen Funtuwa, wanda Hausa a bakinsa ta fi tawa gudu. Na ce ya hau babur ya dubo rijiya.

Mata masu jera ledoji suka naɗe hannu. Ladi, ɗaya daga cikinsu, ta ce, "Yau 'yan biki sai su tari na indararo." Na ce ta yi mana addu'a ta fi.

Can sai wayar Emeka ta shigo. "Mama, ga ni a rijiya, taɓo har gwiwa. Famfo na aiki lafiya lau, har waƙa yake. Don Allah, wane ruwa aka ɗauke?"

Sai a lokacin na fito waje. Rana ta buɗe fes, tankinmu ya cika yana tumbatsa, Sabi'u na zaune a gaban mota yana cin gyaɗa. Ya ce, "Hajiya, tun ɗazu na aiko Baba ya gaya miki a fara lodi."

Baba Tanko ya ce, "Na kuwa faɗa. Ba an ɗauke ba?"

Na ce, "An ɗauke, Baba, amma na sama."

"To da na ina kike so a ɗauke, 'yata?"

Na fashe da dariya. Shi bai yi ƙarya ba, ni ma ba kuskuren ji na yi ba. Kowa ruwan da ke ransa ya ji.

Muka tayar da injina. Ranar ba babba ba yaro, ni ma na ɗaura ɗamara na koma jera ledoji kamar da. Emeka ya dawo ya wanke taɓonsa ya kama lodi, yana ta tsokanar Baba wai ya biya shi wankin wando. Sabi'u ya isa Gozaki ana cikin fatiha, kafin a buɗe kulolin shinkafa an sauke ruwa. Da Alhaji Lawal ya ji labarin, cewa ya yi, "Gara a kashe inji a banza da a ƙona shi da gaske."

Tun daga ranar muka kafa doka a kamfani: ba a cewa ruwa haka kawai, sai dai na sama ko na ƙasa. Abin da na koya shi ne, a aikin nan kula da inji ba shi ne mai wuya ba, kula da magana ne. In an kawo muku labari, ku yi tambaya ɗaya kafin ku tayar da babur.

Baba Tanko ya yi ritaya yanzu, amma duk sanda muka haɗu a kasuwa, kafin mu gama gaisawa sai ya ce, "Hajiya, ya ruwa?" Ni kuma in ce, "Wanne, Baba?"