Majajjawar Malama Lailatu

Har yau mutane da yawa na ɗauka duk mai nazarin taurari ɗan duba ne. Wannan zargi ya bi Malama Lailatu Hammajoda har ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, da Allah Ya karɓi abinSa a gidansu da ke unguwar Ɗan Iya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malama, mu da muka koyar tare da ke mun san aikinki. Ƙananan gungun taurari kika zaɓa, masu dishi-dishin haske, kika yi shekaru kina auna saurin taurarinsu daga bayanan manyan na'urorin hangen nesa. Gudunsu ya fi ƙarfin nauyin da ido ke gani. Da babu wani ɓoyayyen abu mai riƙe da su, da tuni sun watse. Wasu masana sun ce abin a tsakiya ya taru, wasu sun ce a baje yake. Kika ce awo ne zai raba gardama.

Ba zan manta ranar da Alhaji Ya'u ya zo ajinki na Asabar a Ƙofar Wambai don cire 'yarsa Zubaida ba. Ya ce, "Malama, 'yata ba za ta koyi duba ba." Kika miƙa masa majajjawar da kike koyarwa da ita.

"Alhaji, juya. Ƙara sauri. Me ya hana dutsen tashi?"

"Igiya mana!"

"To, igiyar taurari muke nema."

Ya yi dariya, ya tafi ya bar yarinyar.

Tun a zaman makokinki wasu suka fara cewa a rufe ajin, wai mai shi ta tafi, gara yara su koma karatu mai amfani. To su ji: ba za a rufe ba. Zubaida ta ɗauki awon daga inda kika tsaya, ni kuma zan riƙe allo.

Allah Ya jiƙan ki da rahama, Ya haskaka makwancinki, Ya sa iliminki ya zama sadaka mai gudana. Ya ba Bappa Hammajoda da sauran iyali haƙurin rashi.

Wanda har yanzu yake shakka, ya zo ranar Asabar. Majajjawar na rataye a ƙofa. Ya juya ta da hannunsa.