Ɗan Tsakiyar da Ba a Gani

Ban taɓa zama a lakwal, makarantar boko, ba, amma shekaruna na fatauci a kan gadar Gaya sun koya mini abin da ya fitar da jikata a ranar nan.

Ranar ce ta ƙarshe ta rubuta suna a konkur, wato jarrabawar shiga makarantar ungozoma, kuma da azahar za a rufe. Shekara biyu tana jiran wannan rana. Muka je siber ɗin bakin tasha, shagon intanet, tun da hantsi, ita da takardunta, ni da sandata.

Mai siber ya danna odinater, kwamfutarsa, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya kashe ya kunna, ya hura waya kamar mai hura wuta. Zufa ta jiƙe masa riga. Jikata sai murza bakin mayafinta take yi.

Na ce, "Kai ɗan nan, rezo ne babu?"

"Akwai, Inna. Ko'ina yana buɗewa, shafin konkur ɗin ne kawai ya ƙi. Wai ba daga Nijar muke ba."

"Ni? Ni da aka binne cibiyata a Tunuga?"

Bai yi dariya ba. Ya ce rezonsa, wato layin intanet ɗinsa, daga wani mutum yake saye, kuma duk saƙon da ya fita sai ya bi ta wata na'ura ta mutumin. Ba ka ganinta, ba ta tambayarka, ita ke kai saƙo ta kawo amsa.

Na ce, "Ita na'urar, a ina take kwana?"

Ya kira mutumin a waya. Ashe tana ƙetaren kogi, a ƙasar Benin.

Nan na gane. Da muna dakon albasa, in ka ba ɗan tsakiya kayanka, a gaban duwan, 'yan kwastan, sunansa yake faɗi, ba naka ba. Ranar da aka ƙi shi, an ƙi ka, kana zaune gida ba ka san dalili ba.

Na ce, "Cire shi. Mu kai kayanmu da kanmu."

"Inna, ba haka ake..."

"Wayar da ke aljihunka, layin ina ne?"

Ya dube ni, ya dubi agogon bango. Ya zare igiyar rezon mutumin, ya haɗa odinater da wayarsa mai layin Nijar. Abin da ke kan allon ya yi ta juyawa, yana juyawa. A masallacin tasha na ji ladan yana gwada lasifika. Jikata ta riƙe hannuna har zobena ya shige mini nama.

Sai shafin ya buɗe.

Ta rubuta sunanta, sau biyu tana kuskure. Takarda ta fito da ɗuminta ana kiran salla.

Mai siber ya share goshi ya ce, "Inna, ko in ɗauke ki aiki?"

Na ce, "Ba ka iya biyana. Miƙo mini sandata."