Wando a Bakin Kanal

Renon ɗa namiji a bakin ruwa wahala ce zalla. Wanda ya ce muku akwai daɗi a ciki, ko dai bai yi ba, ko ya manta.

Shekarun baya ne, cikin shekarun tamanin, lokacin da noman rani ya kankama a wajenmu, tsakanin Kura da Bunkure. An jawo mana ruwa ta babbar magudanar siminti da muke kira kanal, ta bi ta bayan ƙauyenmu. Ruwan ya kawo tumatir da alkama, ya kuma kawo mana fargaba. Gefen kanal duk gansakuka ce, santsi gare shi. A ido za ka ga ruwan kamar yana tafiya a hankali, amma idan ya ja mutum sai dai a nemo shi a bakin kwalbati. Kafin shekarar da nake ba ku labari ya riga ya ci yara a ƙauyukan kusa da mu.

Mu Kirista ne, gidaje kaɗan a gefen gari. Ikilisiyarmu ta yi karo-karo ta gina ajujuwan ƙasa a bayan majami'a, aka buɗe firamare. Ni ban yi boko ba sai karatun yaƙi da jahilci, shi ya sa rubutun nawa yake haka. Amma na sa babban ɗana a makarantar, yana aji uku a lokacin.

Hedimastanmu tsoho ne daga wajen Zariya, siriri, ba ya ɗaga murya. Ƙarshen kowane wata, idan an tashi daga sujada ranar Lahadi, sai ya tsare iyaye a gindin darbejiya yana koya mana yadda za mu riƙe 'ya'yan da muka haifa da kanmu. A yanke musu farce. A ci abinci tare da su. A yi addu'a kafin a kwanta. Kada a tura yaro tsinkar tumatir ranar makaranta. Duka kam bai hana ba, shi ma yana da bulala a ofis. Abin da ya ce shi ne a bar bulala ta kwana. Idan gari ya waye kana ganin laifin ya kai, to ka yi dukanka.

Na ce masa a gaban kowa, "Malam, kafin gari ya waye ai yaron ya manta laifin, ni ma na manta."

Ya ce, "To ka ga an huta ke nan, ɗan'uwa."

Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba. Ni dokata ɗaya ce, kuma na riga na kafa ta. Na kai yaron bakin kanal, na riƙe kunnensa na ce, "Ran da na ji ka shiga ruwan nan, zan karya maka ƙafa, in yi jinyarka da kaina." Ya san hannuna, ya san ba na magana biyu.

Ranar da abin ya faru bazara ce, zafi kamar ya dafa mutum. Ɓangarenmu ne ke da ruwa a ranar, don bi da bi ake sakin sa. Bayan azahar na hau keke zan je gida in ɗauko fartanya in dawo, na biyo hanyar gefen kanal. Sai na hango wando a shimfiɗe a kan siminti. Kakin makaranta. Na tsaya na ɗaga. A jiƙe yake sharkaf, ga facin da matata ta yi masa a baya da baƙin zare.

Ba tsoro na fara ji ba, kada in yi ƙarya. Fushi na ji. Na karyo tsumagiya, na tsaya a bakin ruwa ina jiran kai ya ɓullo. Na ce a raina nutso ya yi don ya gan ni. Na jira. Ruwa yana ta wucewa, ba kai, ba hannu. Na kira sunansa. Na sake kira. A kira na gaba ban gane muryata ba.

Alhaji ne ya fara zuwa, maƙwabcin gonata. Musulmi ne, ya girme ni, kullum yana tsokanata da "na Lahadi". Ya dubi wandon, ya dubi ruwan, bai tambaye ni komai ba. Ya ce da samarin da ke aikinsa su sauko da gorori, shi kuma ya hau kekena ya nufi wajen mai kula da ƙofar ruwa.

Rufe ƙofar ba ƙaramin abu ba ne. Tumatir na fure, ƙasa ta tsage, wanda ya rasa ruwan yau sai zagaye ya dawo. Na ji wani manomi a bayana yana cewa, "Yanzu saboda ɗan mutum ɗaya duk za mu yi asara? Idan ya tafi ai ya tafi."

Alhaji da ya dawo ya ji, ya ce, "Idan naka ne fa?"

"Nawa ba ya zuwa nan."

"To ka gode wa Allah, ka riƙe gora."

Ruwa ya soma janyewa a hankali. Samari suka shiga, suna tafiya a jere suna laluba ƙasa da ƙafa. Ni ma na shiga. Duk abin da ƙafata ta taɓa sai in zaci shi ne: buhu, reshe, tsohon kwando. Muka doshi kwalbati, inda ciyawa da mushe suke taruwa. Wani saurayi ya cusa gora ya ce ya ji abu mai laushi. Suka ja, suka ja, sai ga mataccen ɗan akuya ya kumbura. Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta.

Matata ta iso tare da matan zumunta na majami'armu. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa ta ɗora wandon a cinyarta tana shafa facin. Matan suna addu'a ƙasa-ƙasa. Can gefe wasu suka yi sallar la'asar a kan buhuna, suka dawo suka sake shiga ruwa. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya. Na gwammace ta zage ni.

Ana cikin haka na hango hedimasta yana tahowa a ƙafa, yana sauri irin na tsofaffi. Ya tsaya a sama ya yafito ni. Na hau da ƙyar.

Ya ce, "Yana nan. Da ransa. Yana makaranta."

Na zauna a kan siminti. Na ji matata ta ce, "Na gode Yesu," sai a sannan ta fashe da kuka. Alhaji ya ce, "Alhamdu lillahi. Kai, a je a buɗe ruwa."

Hedimasta ya miƙo hannu. Na zaci zai tashe ni ne. Ya ce, "Ba ni wannan."

Na duba. Tsumagiyar nan tana hannuna. Da ita na shiga ruwa, da ita na laluba kwalbati, ban sani ba. Da na gan ta kuwa, fushin da ya ɓace ya dawo gaba ɗaya, har da ƙari. Na dubi mutanen da suka bar gonakinsu, jiƙe da taɓo har wuya. Na ce, "Malam, wannan ba ta kwana."

Na miƙe na nufi makaranta. Mutane suka biyo ni. Manomin nan yana cewa, "Idan ba za ka iya ba, ka ba ni shi, ni zan zane maka shi." Wani ya ce, "Ai dole ya ji a jikinsa." Ban ga laifinsu ba, har yau ban gani ba.

Tsohon nan ya riga ni isa, ban san ta inda ya bi ba. Ya tsaya a ƙofar aji uku, ya dafa gefe da gefe. Mutumin da zan iya ɗagawa da hannu ɗaya.

Na ce, "Malam, matsa. Ɗana ne."

"Naka ne. Amma ajin nawa ne. Ka saurara tukuna, idan na gama ka shiga."

Ya ce da ya zo rufe ajujuwa ne ya ji motsi a ƙarƙashin benci, ya samu yaron a dunƙule, riga kawai a jikinsa. Yau yaron bai shiga ruwa ba. Amma ya sha shiga a baya, shi da abokansa, idan an tashi. Da safe ya je fitsari ya ga jini, har ya ɓata masa wando. Yara suka ce masa ciwon kanal ne, babanka zai gane. Da aka tashi sai ya je ya wanke wandon ya shanya, yana jira ya bushe, ya hango kekena. Ya faɗa cikin masara ya gudu.

Mutanen da ke bayana suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Tsargiya ce kawai. Ai ya zama namiji ke nan. Wa bai yi ba a cikinmu?" Gaskiya ne, ni ma na yi ina yaro, a kududdufi na samo tawa, kuma haka aka gaya mini.

Hedimasta ya ce, "Ciwo ne, ba girma ba. Akwai magani a asibitin Kura." Sannan ya rage murya, ni kaɗai yake wa magana. "Shi bai san sunanta ba. Ya zaci mutuwa zai yi. Na tambaye shi, me ya sa ba ka gaya wa babanka ba? Ya ce gara ya mutu a nan."

Na leƙa ta taga. Yana can ƙuryar aji, an ɗaura masa zanin matar hedimasta. Idonsa ba a kaina yake ba, a kan hannuna yake.

Na ce, "Kai. Ka shiga ruwan ko ba ka shiga ba?"

"Na shiga, Baba."

"Sau nawa?"

"Da yawa."

Yana faɗa, sai ya janye ƙafafunsa ya cusa su cikin zani. Ƙafafun yake ɓoyewa.

Alhaji ya matso kusa da ni. Ya ce, "Na Lahadi, ɗazu a kwalbati me kake roƙon Allah?"

Na dubi tsumagiyar da ke hannuna.

"To an ba ka. Mu ruwanmu ya dawo, kada ka dake shi da sunanmu." Ya juya ya kora mutane, "Ku zo mu tafi, rana na faɗuwa, tumatir ba ya jiran kallo."

Hedimasta ya ce yaron zai kwana a gidansa. Wannan ta fi yi mini ciwo. Ina raye, ina da ɗaki, ɗana ya kwana a gidan wani. Na buɗe baki zan ƙi, matata ta riga ni. Matar da ba ta taɓa tsallake maganata a gaban mutane ba ta ce, "A nan zai kwana, maigida. Ni ma a nan zan kwana." Ta miƙo mini wandon.

Ban ba hedimasta tsumagiyar ba, girman kai bai bar ni ba. Na tafi da ita. A hanya na jefa ta cikin kanal, ban ma tsaya na ga inda ta bi ba.

Ba zan ce muku daga ranar na zama wani mutum dabam ba. Na ci gaba da duka, shi da ƙannensa duk sun sha hannuna, sai dai ban ƙara yi a ranar da aka yi laifi ba, kuma sau da yawa kafin safiya na huce, kamar yadda tsohon ya faɗa. Taron gindin darbejiya ma ban daina gunaguni a kansa ba. Abin da dai ya tsaya mini har yau shi ne wannan: na yi duk abin da na sani don yaron ya ji tsoron ruwa, ashe ni ya koyi tsoro. Ruwan kuwa yana shiga abinsa. Yanzu shi ma yana da nasa 'ya'yan, idan na ga ya ɗaga hannu sai in sami kaina ina cewa ya bari sai gobe, da bakin nan nawa.

Da gari ya waye, ban je gona ba. Na roƙi Alhaji ya sa a juya mini ragowar ruwan jiya idan ya iso layina. Na ninke buhu na ɗaure a bayan keke don kada ƙarfe ya dame shi, na ɗauki wandon da ya bushe, na tafi gidan hedimasta. Na yi sallama. Suna addu'ar safe, na jira a waje har suka gama.

Yaron ya fito ya tsaya nesa da ni, inda hannu ba zai kai ba. Na miƙa masa wandon. Na ce, "Sa. Asibiti za mu."

Ya dubi uwarsa. Ta gyaɗa kai. Ya sa, ya hau.

Hanyar Kura ta gefen kanal take bi. Ina tuƙi, ina jin yadda ya ja jikinsa baya ya riƙe ƙarfen keke, ba ya so ya taɓa ni. Muka yi nisa. Na ce, "Yana yi maka zafi?"

Ya ce, "Kaɗan."

Na ce, "Ni ma na yi shi ina kamarka. Ba a mutuwa. Idan ka ƙara ganin jini, ni za ka fara gaya wa."

Sai da muka kusa hawa kwalta, keken ya faɗa wani rami, na ji hannu ya kama rigata ta baya. Muka wuce ramin, bai saki ba. Na rage gudu.