Daga Ƙasa Ake Fara Yashe Kwata

Jiya ruwan farko ya sauka a Unguwar Boro. Ina neman bokiti a sito na ci karo da shebur ɗin marigayi Baba, maƙwabcinmu. Robar da ya naɗa a ƙotar tana nan, ta yi santsi da hannunsa.

Wata Asabar gab da damina, matasan cocinmu da na masallaci suka fito yashe kwata, ƙaramar hukuma kuma ta ce za ta turo motar shara. Kowa ya kama gaban wurin ibadarsa yana tura laka gaba. Baba kuwa ya saɓi shebur, ya gangara ƙofar wata gwauruwa mai suyar ƙosai, inda dattin ke taruwa.

Na bi shi na ce, "Baba, ai aikin a sama yake."

Ya ce, "'Yata, kwata daga ƙasa ake fara ta. In kun gyara ƙofarku kaɗai, ɗakin baiwar Allahn nan kuka aika wa ruwan."

Kunya ta gangaro da mu, har fasto da liman. Can motar hukuma ta same mu, wari na tashi, Baba cikin laka har gwiwa yana dariya. A waccan daminar, ruwa bai shiga ɗakin matar ba.

Bana babu shi. Ranar Asabar ni zan saɓi shebur ɗin in gangara. Allah ya ji ƙan Baba, ya hutar da shi inda ruwa ba ya cin ɗaki.