Malama Binta da tambayar da ban samu na yi mata ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin fita makaranta aka kira ni daga Makarfi, wai Malama Binta ta rasu. Na zauna a bakin gado da hijabi a hannu, na kasa sawa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ke koya mana rubuta manhaja da yaren C a wani ɗan shagon kwamfuta kusa da kasuwa. Duk Asabar nake hawa mashin daga Likoro in je.

Akwai aikin da ya kusa korata. An ce mu rubuta shirin da zai buɗe fayil, ya karanta kalmomin da ke ciki. Nawa ina kunna shi sai ya mutu, ya bar min "segmentation fault" a allo. Na rufe laftof na ce mata ni na haƙura, wannan ba karatun malamar firamare ba ne.

Ta jawo kujera. "Haba Zainabu, buɗe mu ga me ya ɓata masa rai."

Ba ta gyara min komai ba. Tambaya kawai ta yi: "Da kika ce ya buɗe fayil, kin duba ko ya buɗun?"

Ban duba ba. Ashe sunan fayil ɗin na rubuta ba daidai ba, shirin ya tafi karanta abin da babu.

Haka take. Kuskure bai ba ta haushi, sha'awa yake ba ta. Ita ta fahimtar da ni cewa duk wurin da shiri ya kama a memori, wato ma'ajiyar kwamfuta, sai ya sake shi in ya gama, in ba haka ba kwamfuta ta yi ta nauyi. In an ɗauke wuta cajina ya ƙare, laftof ɗinta take turo min, ita ta koma cin dafaffiyar masara tana leƙen abin da nake bugawa.

Asabar da ta wuce muka haɗu da abin mamaki. Shirina yana aiki lafiya lau a laftof ɗinta, a tawa kuwa mutuwa yake. Fayil ɗaya, rubutu ɗaya. Tana tari tana dariya, ta ce mura ce kawai.

"Ikon Allah! Kar ki taɓa shi, Zainabu. Ki bar min shi haka, ina so in san dalili."

Na kasa haƙuri. Ranar Laraba na gano wurin da na ware wa kowace kalma ya gaza da gurbi ɗaya, wanda ake sa alamar ƙarshen kalma a ciki. To amma me ya sa a tata bai mutu ba? Na kira ta in tambaya, ƙanwarta ta ɗauka, ta ce suna asibiti a Zariya, Malama ta samu barci. Na ce a bar ta ta huta, sai Asabar.

Har yanzu ban san amsar ba.

Allah Ya jiƙan Malama Binta, Ya gafarta mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ilimin da ta ba mu ya bi ta. Allah Ya ba iyalanta haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta a addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ce.