Na Je Madarumfa Neman Hujajjen Wake

Mun tashi da asuba daga Yamai, gari bai gama wayewa ba, mu uku a motar da wata ƙungiya ta ba mu aro: ni, da direba, da wata ɗaliba 'yar Maraɗi da ke bayana a karatu. Kun dame ni a nan da tambayar ina labarin tafiya, tunda na cika ku da hotuna kafin in tafi. To ga shi, amma ba irin wanda na so in kawo muku ba ne.

Ga wanda bai sani ba, ina karatun dokta a fannin tattalin arziki, reshen da ake kira ikonometiri. In dangi suka tambaye ni mene ne shi, nakan ce auna abu ne da lissafi, don a gane ko shi ya kawo sauyi ko kuwa dacewa aka yi. Sai su ce Allah ya taimaka, su sake zance. Bincikena a kan wake ne. Da kakar da ta wuce, ƙungiyar nan ta raba wa manoma wani buhu mai leda biyu a ciki, wanda in an ɗaure bakinsa tam iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu. Buhunan ba su isa kowa ba, sai muka sa ordinater, wato kwamfuta, ta buga kuri'a: wasu ƙauyuka su samu bana, wasu su jira baɗi. Aikina in koma da bazara in duba waken ɓangarorin biyu. In na waɗanda aka ba ya yi kyau, na waɗanda ba a ba ya huje, ina da abin rubutawa. In babu bambanci, shekarun da na kwashe sun bi ruwa, ga tallafin karatuna bana zai ƙare.

Hanya dai kun san ta. A Dosso muka sha shayi da burodi a tsaye. Bayan Dogon Dutsi rana ta fara nuna mana ko ita wace ce, na'urar sanyin motar kuwa ta ce ba da ita ba. A Ƙonni masu sayar da esansi, man mota, a kwalba sun jeru bakin titi, kowa yana rantsuwa nasa ba gauraye. A Galmi direba ya roƙi alfarmar minti biyu, ya dawo da buhun albasa a kafaɗar wani, ya ce saƙon maiɗakinsa ne kuma in ya koma babu shi gara kada ya koma. Daga nan har Maraɗi warin albasa muka shaƙa, kayana har yau ba su rabu da shi ba.

Mun kwana Maraɗi, da safe muka gangara Madarumfa. Wurin nan yana da kyau ko da bazara. Ruwan tabki ya ja baya, ya bar laka da sawun shanu, ga manyan itatuwa tsaye a gefe, masunta suna gyaran koma a inuwa. Mata suna soya kifin karfasa a bakin hanya, a barbaɗa yaji, a naɗe maka a takarda. Na ci har na ji kunyar ƙarawa, na ƙara. Muka shiga meri, ofishin magajin gari, muka gai da hukuma, aka yi mana maraba, aka kuma ja mana kunne cewa in mun nufi wajen Gabi kada la'asar ta same mu a daji, saboda rashin tsaro.

Da ƙauyukan Safo muka fara, su ne kuri'a ta ba. Amalanken jakai sun fi motoci yawa a hanyar, kuma jakin Safo bai san hon ba. Gidan farko aka kwance mana buhu, wake ya zubo fari tas kamar jiya aka sussuke shi. Na ji wani sanyi a raina. Sai dai da na nemi ganin sauran buhunan, maigidan ya fara sosa ƙeya. Ɗaya yana wurin surukinsa. Ɗaya an kai gudummawar biki. Gida na gaba ma haka, na gaba da shi ma haka. Alhali ranar rabo ni da bakina na tsaya gaban mai gari na roƙe su kada wanda ya ba wani nasa, don in buhu ya shiga ƙauyen da ba a ba, bincike ya lalace. Duka suka ce to. Na manta cewa to ɗin Bahaushe kala-kala ne.

Wata mata da na matsa wa da tambaya ta ajiye taɓarya ta dube ni. Ta ce, "Malam, ƙanwata na aure ƙetaren gulbi. In ci wake mai kyau ita ta ci gari? Kai haka kake yi da naka?" Na ce a'a, na duƙar da kai ina danna tablet kamar akwai abin da nake nema.

A ƙauyukan wajen Ɗan Issa abin ya fito fili. Su kuri'a ta hana, amma kusan duk gidan da muka yi sallama, ga buhunmu jingine a ɗaka, an ɗaure shi yadda muka koyar, har ya fi na Safo ɗauruwa. A kasuwar Ɗan Issa, tsakanin 'yan canji da masu lodin kaya zuwa Katsina, na ga wani ya baza irinsa yana sayarwa, yana yi wa mutane bayanin da ni na tsara. Duk inda muka shiga sai a sa mini albarka, a ce ɗan nan ya kawo abin arziki. Ni kuwa ina ta yaƙe. Ɗalibar da muke tare ta ce ko matan majami'arsu a Maraɗi aka ba, haka za su yi, kuma zumunci ya riga ya cinye mini digiri, sai in yi haƙuri. Ita dariya take, ni ban ga abin dariya ba.

Ban lura da lokacin da na koma haka ba. Sai dai na san na kai ga in an kwance buhu na ga wake lafiyayye, raina ya ɓaci. Mutum ya tsira da abincin iyalinsa, ni ina tsaki a zuci. Na riƙa shiga gidajen mutane ina fatan in tarar da asara.

Ranar ƙarshe muka nufi ƙasar Gabi. Titi ya ƙare, sai jar ƙasa, sai yashi, motar tana wutsil-wutsil. Ƙauyukan sun yi shiru, samari duk sun tafi cin rani Najeriya, sai tsofaffi da mata da awaki. A ɗaya daga cikinsu Innata take, yayar mahaifiyata, wadda a ɗakinta aka yaye ni. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna can Kano da Legas. Wake shi ne dabararta: takan ajiye shi har bazara ya yi tsada, ta sayar ta sayi hatsin da zai kai ta ƙarshen damina. Ƙauyensu yana cikin waɗanda kuri'a ta hana. Na sani tun ranar da aka buga, na ce wa kaina ai ba ni na zaɓa ba, ordinater ce.

Ta tarye mu tun daga bakin zaure. Ba ta faɗin sunana, don sunan mahaifinta gare ni, Babana take ce mini. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo fura mai sanyi a ƙwarya, ashe tun da ta ji muna tafe ta sa an yanka zabo. Muka ci muka yi nak. Sannan na ce, "Inna, aiki ya kawo mu, a nuna mana wake."

Ta shiga gaba muka bi ta ɗakin ajiya. Buhuna ne na gargajiya, jere a kan itace. Tun kafin ta kwance na ji warin. Ta zura hannu ta ɗebo, rabin abin da ya fito gari ne, sauran kowace ƙwaya da huji, ƙwari suna bin yatsunta. Ta kwance na biyu, shi ma haka.

Sai na ji bakina ya ce, "Yauwa."

Da ƙarfi na faɗe shi, har na kai hannu aljihu zan ciro waya in ɗauki hoto. Ɗalibar ta juyo ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Direba da ke bakin ƙofa ya ja da baya ya fita. A lokacin na ji abin da na faɗa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ɗauka Inna za ta ɓata rai, kuma da ta ɓata da na fi samun sauƙi. Murmushi ta yi, ta kakkaɓe hannunta a zane. Ta ce, "Madalla, Babana, tunda ya yi maka daidai. Dama ina ta zullumi." Na ce, "Zullumin me, Inna?" Ta ce, "Ai da kaka matar ƙanen mijina ta aiko mini da buhu biyu daga Safo, irin naku. Sai anka ce kai da bakinka ka ce in wanda ba a ba ya sa wake ciki, karatunka na ɓaci. Na maishe mata abinta. Mutanen gari sun yi ta yi mini dariya, na ce ku dai ku sa, ni ɗana ne."

Ban san abin da na ce mata ba. Na san dai na tsuguna ina ɗaure bakin buhun, ina ɗaurewa yana kwancewa. Duk ƙasar nan kowa ya ji maganata ya watsar, mutum ɗaya ce ta riƙe ta, ita ce kuma na tsaya a kan asararta ina cewa yauwa. Ɗalibar ce ta ƙarasa aikin, ta auna abin da za a auna, ta yi tambayoyin da ya kamata in yi. Da za mu tafi Inna ta rako mu har mota, tana ba ni haƙuri wai ba ta da tsarabar kirki bana.

Muka kamo hanya daga Gabi zuwa Maraɗi. Direba ma da ba ya rabuwa da rediyo bai kunna ba. Da safe na shiga kasuwa na sayi buhunan, na haɗa da hatsi, na ba wani mai mota da ke zuwa wajensu. Na san wannan ba ya mayar da waken bana, na yi ne don in iya haɗiye abinci. Sannan muka kama hanyar Yamai, garuruwan da muka wuce da dariya muka sake wuce su babu dariya.

Da na dawo na zuba duk abin da muka tara a ordinater. Babu bambancin da za a kafa hujja da shi tsakanin ƙauyukan da aka ba da waɗanda aka hana. Gida ɗaya ba ya motsa lissafi, don haka waken Inna ko digirin bai ceto ba. Malamina ya ce kada in karaya, yadda buhunan suka bi dangi daga ƙauye zuwa ƙauye shi ma abin nazari ne, wataƙila a fitar da wani abu a ciki. Wataƙila ɗin ce nake riƙe da ita yanzu, ban san ko za ta kai ni ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba a aji na ji shi ba. An koya mana cewa ba a gane amfanin abu sai an samu wanda bai samu ba, kuma gaskiya ne, har gobe ba na musu. Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani ba shi ne wanda bai samu ba ɗin mutum ne mai tukunya a kan murhu, kuma mai jin maganarka ya fi kowa shan wahalarta. Ku da ke shirin fita bincike, ku auna abin da za ku faɗa gaban mai gari, don akwai wanda zai ɗauke shi da gaske.

Shekaranjiya Inna ta ari wayar maƙwabci ta kira ni. Muka gaisa, ta tambayi gajiya, ta ce saƙo ya iso, Allah ya yi albarka. Har zan yi sallama sai ta ce, "Babana, buhunan nan, in kaka ta yi in sa wake ciki, ko in jira ka ƙare karatun?"

Na ce ta sa.