Ranar da Na Kai Akwatin Kakata Konni A Yi Masa Kuɗi

Shekarun baya can, ina saurayi, na gama kolej ina zaman jiran aiki a ƙauyenmu kusa da Tajaye, Allah ya yi wa kakata ta wajen uwa rasuwa. Abin da ta bari ba yawa: 'yan awaki, tasoshi, zannuwa, sai wani ɗan akwatin katako da kakana ya kawo mata daga Kumasi tun yana zuwa cin rani.

Akwatin bai fi a ɗora shi a tafin hannu biyu ba. Jawur yake, ya sha hannu har yana sheƙi, ga madubi a cikin murfin. Nan take ajiye 'yan kunnenta da murjani. In ka murɗa wani ɗan ƙarfe a gindinsa ka buɗe, sai ya kama kiɗa siriri, kamar ruwa na ɗiga cikin tasa.

Magada biyu ne, mahaifiyata da yayanta, wato kawuna. Shi kaso biyu, ita ɗaya. Da malamin da ke rabon ya iso kan akwatin, sai ya jujjuya shi ya ce, "Akuya na san kuɗinta, tasa na san kuɗinta. Wanga abu kau ban taɓa ganin an saida irinai ba. A kai shi Konni a tambayo."

Kawuna ya gyara zama. "An ce Turawa na sayen tsohon kaya da tsada. In ya yi kuɗi, a saida shi a raba, kowa shi huta."

Mahaifiyata ta jawo shi gabanta. Ta kwashe murjanin, ta naɗe akwatin a kallabinta, ta miƙa mini. Wai ni ne ɗan lakwal, na yi boko, ba za a cuce ni ba.

Ranar kasuwa na hau mota na rungume shi a cinya. Kafin mu wuce mararrabar Malbaza na riga na sayi babur a zuciyata, har na zaɓi launi, ni da ko allura ba ni da ita a gadon.

Na fara da wani kafinta. Ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya ce katakon mai kyau ne, ba na ƙasar nan ba ne, amma shi bai san abin da zai yi da shi ba. Ya tura ni wajen mai gyaran agogo a bakin tasha. Wannan kuwa yana buɗewa kiɗa ya tashi, mutane suka taru, har mai rake ya bar kayansa ya zo kallo. Ni kuma sai hura hanci nake. Mai agogo ya kasa kunne ya ce, "Samari, ka ji inda yake tsallakewa? Haƙora ne suka karye ciki. Ni ba ni da irinsu."

Daga nan aka nuna mini wani dillali da ke tara tsoffin kaya yana kai wa Turawa a Yamai. Na same shi cikin akusa da takubba, na kwance kallabi a hankali kamar mai fito da jinjiri. Ya duba, ya yi murmushi.

"Ɗana, Bature kayanmu yake so. Wanga ai nasu ne, can ƙasarsu suka ƙera shi. Ka taɓa ganin an kai ma Ba'adare albasa, shi da ke noma ta?"

Na ce to, nawa zai yi? Abin da ya faɗa bai kai kuɗin ɗan akuya ba.

Na dawo da la'asar jiki a sanyaye, babur ya mutu tun a hanya. Na tsuguna gaban manya na faɗi yadda aka yi. Kawuna ya ja tsaki ya ce, "Ashe wahalar banza. A sa mata shi cikin kasonta."

Mahaifiyata ta ɗauki akwatin ta shige ɗaki. Na bi ta don in ba ta haƙuri. Sai na tarar da ita zaune bakin gado, tana dariya, hawaye na zuba.

"Inna, lafiya?"

Ta ce, "Kai dai rufe mini baki. Tun da ka fita nake roƙon Allah kada abin nan shi yi daraja. Da ya yi tsada, ina kasona zai iya ɗaukar shi? Da yanzu yana hannun wani."

Na tsaya baki buɗe. Yini guda ina addu'a, ita ma tana addu'a, ashe ja-in-ja muke yi. Tata aka karɓa, kuma na gode Allah da ba tawa ba.

Ba a yi wata biyu ba kawuna ya fara wata ɗabi'a. Duk ranar da ya dawo daga kasuwar Badaguishiri sai ya biyo gidanmu, wai gaisuwa. Ya sha fura, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, "Ke, ɗauko abin nan naki na banza mu ji ko bai mutu ba." Ta ɗauko ta murɗa. Ya sunkuyar da kai har kiɗan ya tsaya. Sannan ya share fuska da bakin rawani, ya ce hayaƙin murhu ne. Ita kuwa ba ta taɓa ce masa ba a hura wuta ba.

Yanzu duk sun riga mu gidan gaskiya, akwatin yana ɗakin ƙanwata. Na girma na ga abubuwa da yawa da aka yi wa kuɗi mai tsoka, kusan duk sun bar hannun masu su. Wannan arharsa ce ta tsare mana shi. In na je gidan ƙanwar tawa, nakan sha ruwa, in tambayi yara, in yi ta jan hira. Ita kuma ta san abin da ya kawo ni, sai ta tashi ta ɗauko ba sai na roƙa ba.